Katawut a Ƙirjin Baba

A Jidda aka haife ni, garin da ruwan famfo ma sai an bar shi ya huce kafin a yi wanka da shi, amma abin da ya kusa raba mu da garin sanyi ne. Idan na faɗa wa mutane haka dariya suke yi. Ni har yau ban ga abin dariya ba.

Babana direban shoka ne a wata tallaja da ke kudancin gari, ba nisa da gidanmu a Kurayyat. Tallajar nan ƙaton sito ne da ake jibge kaji da naman da jiragen ruwa suka kawo, a daskare kamar duwatsu. Shoka kuwa ƙaramar motar ɗaga kaya ce mai ƙaho biyu a gaba, da batir take aiki. Baba kan bar gida da farar jallabiya, ya je can ya ɗora rigar sanyi kan rigar sanyi, ya ja hula har gira. Da yamma ya dawo leɓe a fashe, ya nemi inda rana ta rage a ƙofar gida ya zauna, maƙwabta kuwa suna rububin inuwa.

Shekarar ina ajin ƙarshe a sakandare. Iƙamarmu duka, wato takardar izinin zama a ƙasar, ni da Umma da ƙannena, a rataye take da ta Baba. Ta Baba kuma tana hannun kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, mai tallajar, wanda ban taɓa gani ba. Wanda ake gani shi ne mudir, wato manaja, shi ke riƙe da fasfo ɗin ma'aikata a ofishinsa, shi ke cewa a sabunta wa wane, a bar wane. Tamu ta kusa ƙarewa, kuma abla, wato malamar da ke kula da ajinmu, ta riga ta ja ni gefe ta ce ba zan zauna jarrabawar ƙarshe ba sai da sabuwa. Na ce to, kaina a ƙasa. Ni da ma ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa sai an kira ni, idan aka kira kuma muryata ta maƙale.

A lokacin ne shoka ta fara ƙin tashi.

Baba bai faɗa mana ba. Daga bakin abokinsa muka ji, wani mutumin Nijar da ke lodin kaya a tallajar, muna ce masa Kawu. Duk Juma'a a gidanmu yake cin abinci, kuma muryarsa ba ta san labule ba. Ina kicin ina tsince shinkafa na ji shi.

"Hajiya, ki yi wa mijinki addu'a, amaryarsa ta fara yaji."

Umma ta ce daga bayan labule, "Wace amarya kuma, Malam?"

"Shoka mana! Da safe lafiya lau, kamar ta yi rawa. Mu je Azahar mu dawo, ya murza makulli, shiru. Ko ƙwas ɗin nan da take yi ba ta yi. Ta yi pan, ta mutu tsakiyar kaji. Mu taru mu turo ta waje, muna zamewa a ƙanƙara. A kira muhandis, injiniyan nan, a ba shi kujera, a kawo masa shayi. Ya gama kurɓa, ya miƙe, ya murza da yatsa biyu. Ƙwas! Ta tashi. Wallahi kamar ta san shi."

Baba ya ce, "Ci abincinka."

"Ina ci ai. Mudir ya ce wai kai aikin ne ba ka so. Wai me ya sa sai bayan salla? Wai barcin rana kake nema, ka fake da Allah."

"Na ce ka ci abincinka."

Na tsaya da tire a cinya. Mutumin da ke farkawa kafin ladan, wanda idan ya tsinci riyal a hanya sai ya bi kantuna yana tambayar mai shi, shi ake cewa ya fake da salla. Na ci gaba da tsintar shinkafar har na fara zubar da mai kyau.

Bayan 'yan kwanaki waya ta yi ƙara da La'asar sakaliya. Baba ya ɗauka, kuma da jin muryar sai ya miƙe tsaye, ya gyara hula, kamar mai maganar yana ganinsa. Muryar tana fita har inda nake zaune da littafina. Mudir ne, daga gidansa a Safa. Ya ce muhandis ya zo sau da yawa bai ga komai ba. Ya ce shoka lafiyarta ƙalau, direban ne ba shi da lafiya. Ya ce idan ta ƙara mutuwa ko sau ɗaya, halas, shi ke nan, ba zai sabunta iƙama ba, akwai masu jiran kujerar a bakin ƙofa.

Baba yana ta cewa to da Larabci, "Hadir. Hadir. Allah ya ja da ranka."

Ya ajiye wayar a hankali, ya zauna, ya tambayi Umma ko akwai sauran shayi. Na so ya jefa wayar da bango. Na so ya yi zagi ko guda. Da ya juyo ya ga ina kallonsa sai ya yi murmushi ya ce, "Uwata, yi karatunki." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kira na.

Ban yi karatun ba. Na rufe littafin na ce, "Baba, mene ne yake yin ƙwas ɗin?"

Ya yi mamaki, don ban saba tambayarsa komai ba. Ya tashi ya laluba aljihun rigar aikinsa, ya fito da wani baƙin abu kamar kwalin ashana, mai ƙafafun ƙarfe a ƙasa. Ya ce katawut ke nan. Idan aka murza makulli, shi ke haɗa wuta, sannan mota ta motsa. Muhandis ya cire wannan ya sa sabo don a ce ya yi wani abu, ya jefar da tsohon a kwandon shara. Baba ba ya iya ganin an yar da abu, sai ya ɗauko.

"Da aka sa sabon ta daina?"

"Kwana kaɗan. Sai ta koma."

Na yi ta tambaya, yana amsawa yana kallon Umma, wai ko 'yarsu ce wannan. Da can shoka biyu ce, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ta wajen ta tsufa, mudir ya sayar da ita, ya ce ɗaya ta isa. Tun daga nan ta Baba ke fita da safe ta sauke kaya daga tireloli a tsakar rana, ta koma ciki ta jera su. Idan aka kira salla ana rufe ƙofofi, kuma mudir ya hana a bar shoka a waje, don filin a buɗe yake ga titi. Saboda haka a ciki Baba ke kashe ta ya tafi masallaci.

"To me ya sa kuke turo ta waje idan ta mutu?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake sallama. "Baƙo ne fa muhandis. Mu da muka saba ma yaya muke ƙarewa? A ce mu shigar da mutum cikin wannan sanyi da 'yar rigarsa? Ni na ce a riƙa fito masa da ita."

Shi ya ce. Don kara. Su yi ta turi suna nishi don kada baƙo ya ji sanyi, baƙon kuma ya je ya rubuta cewa direba maƙaryaci ne.

Na roƙe shi ya bar mini katawut ɗin. Ya ce in dai ba zan haɗiye ba.

Ranar Alhamis ba makaranta. Na sa bakin wuƙa na ɓalle murfin a hankali. A ciki akwai siririyar waya a nannaɗe, da ɗan harshen ƙarfe, da wani ƙaramin sifirin da ke mayar da harshen wurinsa. Na taɓa harshen da tsinken ashana, ya yi ƙwas, ya dawo. Ba abin da ya ƙone, ba abin da ya karye. Na mayar da murfin, na buɗe saman firjin Umma inda take ajiye nama, na tura shi can ƙurya.

"Me kika sa mini a cikin nama?"

"Abin Baba ne, Umma."

"Abin Baba ya ga firji, bai ga durowa ba? Idan miyata ta yi warin gareji ke za ki sha ta."

Na bar shi har hantsi ya yi. Na ciro, na buɗe da sauri, na taɓa. Ƙwas. Sanyi ƙalau har yana kama yatsa, amma yana motsi. Raina ya ɓaci, don na ɗauka da an daskarar da shi zai maƙale, in huta. Na ajiye shi a kan taga na zauna ina hararsa.

Ruɗuba ta yi yawa a ranar, irin iskar tekun nan da ke sa riga ta manne a baya, gishiri ya dunƙule a kwano. Ina zaune na ga baƙin kwalin ya fara gumi. Ɗigo-ɗigo, kamar kwalbar ruwan sanyi da aka ajiye a tabarma. Na ɗaga shi na ga har ɗan harshen ya jiƙe, ruwa ya kwanta a tsakanin sifirin. Na rufe shi a haka, na mayar da shi cikin naman.

Bayan Azahar na ciro. Farin gari ya lulluɓe sifirin. Na taɓa da ashana, shiru. Na danna har tsinken ya karye, harshen bai motsa ba. Na riƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci, ƙanƙarar ta narke, na taɓa da farce. Ƙwas.

Ban yarda ba sai da na maimaita. Na shanya shi kusa da murhu ya bushe sarai, na daskarar, ya yi motsi. Na sa shi a taga ya yi gumi, na daskarar, ya maƙale. Na sake, na kuma sakewa, har Umma ta ce idan na ƙara buɗe firjin nan za ta kulle ni a ciki. Kowane karo abu ɗaya. Ba sanyin kaɗai ba ne. Fitar ce da komawar. Ƙarfe mai sanyi ya fita cikin iskar Jidda ya sha ruwa, ya koma ciki, a kashe shi, ruwan ya zama ƙanƙara. Duk turin da suke yi wa muhandis kuwa, suna narkar masa da shaida ne, suna kuma ƙara wa katawut ɗin ruwan gobe.

Maimakon murna sai na ji haushi ya turnuƙe ni. Abin da ya tsaya tsakanina da jarrabawata, abin da ya sa aka kira ubana maƙaryaci, bai kai ɗigon da ke rage a gindin kofi ba. Kuma da muhandis ya ajiye shayinsa sau ɗaya ya ce a kai shi inda ta mutu, da ya gani da idonsa.

Da Baba ya dawo ban bari ya zauna a ranarsa ba. Na jawo shi gaban firji, na nuna masa busasshe, na nuna masa jiƙaƙƙe. Na ba shi ashana ya danna da kansa. Ya danna, ya karya tsinke, ya karɓi wani. Ya riƙe abin a hannu har ya saki. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Gumi ne ashe."

Na ce, "Idan ta sake mutuwa kada ku turo ta. Ku bar ta a ciki. Muhandis ya shiga, mudir ma ya shiga. Ka buɗe a gabansu su ga ƙanƙarar."

"Sai kuma me?"

"Sai su san ba ƙarya kake yi ba."

"Sai mudir ya tambayi daga ina ruwan ya zo."

"Sai ka faɗa masa! Shi ya sayar da ɗayar. Shi ya ce a riƙa kashe ta a ciki."

"A gaban muhandis. A gaban yaran lodi."

"E."

Umma ta leƙo daga kicin, don ba ta taɓa jin muryata ta kai haka ba. Baba ya juya katawut ɗin a hannunsa ya ce, "Uwata, kin san littafi, ni na san mutumin nan. Idan na yi laifi zai iya yafe mini, ya ji daɗin kansa. Idan na nuna shi ya yi laifi, a gaban mutane, ba zai yafe ba. Shoka za ta warke, ni kuma ya nemo mini wani dalilin. Kuma an hana ni taɓa wayoyin motar. Zai ce wa ya ba ni izinin buɗewa."

"To sai ka zauna a matsayin maƙaryaci?"

"Allah ya san ba shi ba ne."

"Ni ba Allah nake magana ba, Baba, mutane nake magana!"

Umma ta ce, "Ke! A'uzu billahi. Da wa kike?"

Baba bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya tambaye ni, cikin natsuwa kamar muna zancen cefane, ko abin zai daskare idan ba a bar shi cikin sanyin ba. Na ce a'a. Ya ce idan yana da ɗumi aka mayar da shi fa? Na ce zai yi aiki, da zarar wuta ta shiga kuma shi ke ɗumama kansa. Ya gyaɗa kai, ya juya wajen Umma.

"Ɗinka mini 'yar jaka. Kamar ta laya, da igiya."

Umma ta yanko ƙyalle daga tsohon zaninta ta ɗinka a yammacin. Ni na ƙi kallo.

Daga ranar, idan aka kira Azahar, Baba kan kai shoka bayan tulin kwalaye inda ba mai gani, ya kashe, ya ɗaga murfin ƙarƙashin kujera, ya zare katawut, ya sa a jakar, ya tura cikin riga kan fatar ƙirjinsa. Da shi yake alwala, da shi yake sujada. Ya dawo ya mayar, ya murza makulli. Ƙwas. Tsohon kuma na gidanmu ya zama na ko-ta-kwana a aljihu. Ni ke busar da shi duk yamma kusa da murhu, ina yi ina cije baki, don ko ina fushi ba zan iya ba shi jiƙaƙƙe ba.

Kawu kaɗai ya gane. Ranar Juma'a ya shigo yana dariya tun daga ƙofa.

"Hajiya, wane malami ya rubuta wa mijinki layar nan? Ina so nima, ko matata ta daina yaji."

Baba ya ce, "Rage murya."

"Wallahi katawut ɗin nan ya fi mudir samun jam'i. Sahun farko kullum!"

Umma ta yi dariya har da tari. Ni ina kicin ban yi ba.

Shoka ba ta ƙara mutuwa ba. Aka daina kiran muhandis, aka daina dafa masa shayi. Mako ya bi mako, ni kuma kullum idan na dawo makaranta fuskar Baba nake fara dubawa. Abla ta sake ja na gefe, ta ce lokaci na ƙurewa. Na ce to.

Wata yamma Baba ya shigo da sabuwar iƙama, ya miƙa wa Umma, Umma ta miƙa mini. Ƙannena suka hau tsalle ba su san dalili ba. Umma ta yi hamdala, ta ce gobe za ta dafa wa maƙwabta abinci. Na juya ɗan littafin, na ga sunana a ƙasan na Baba, na ji numfashina ya sauka. Da a nan aka tsaya da na yi barci mai daɗi.

Sai Juma'a ta zo, Kawu ya zo da sauran labarin. Ashe ba a ofis mudir ya ba Baba iƙamar ba. Tara ma'aikata ya yi a bakin ƙofar tallaja, ya ɗaga iƙamar sama, ya ce kowa ya duba. Ya ce ga mutumin da motarsa ta yi ta ciwo, muhandis ya kasa, amma waya ɗaya da ya buga ta warkar da ita. Ya ce wasu mutanen sai an tsorata su suke tuna aiki. Sannan ya dafa kafaɗar Baba ya ce yalla, je ka, ya yafe.

Umma ta ce a hankali, "Shi kuma me ya ce?"

Baba ne ya amsa da kansa.

"Na ce na gode."

A lokacin da mudir ke dafa kafaɗarsa, jakar tana wuyansa, igiyarta na ƙarƙashin tafin hannun mutumin.

Na fito daga kicin ban sa mayafi daidai ba, na tsaya a bakin labule. Baba ya ɗago ya ce, "Uwata, ran Asabar ki kai wa abla iƙamar. Kada ki manta."

Na kai. Na zauna jarrabawar, na ci, kuma a darasin kimiyya na fi kowa a ajinmu. Da aka kira ni gaban makaranta ana tafi, abin da ke raina shi ne mutanen da suka tsaya a bakin ƙofar tallaja. Wasu sun koma ƙasashensu, wasu sun rasu, kuma ban da Kawu, duk sun tafi da cewa babana ya taɓa yin ƙarya da salla har sai da aka tsorata shi.

Baba ya ƙara shekaru a kan shokar nan, jakar na wuyansa. Umma ta sake masa igiya ba sau ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa, bayan na girma na fara koyarwa, ko abin bai taɓa damunsa ba. Yana zaune a ƙofar gida inda rana ta rage. Ya ce, "Ya dame ni mana." Ya ɗan sosa ƙirjinsa inda jakar ke kwanciya, ya ce, "Amma kin zauna jarrabawar."